Kwabo Uku a Iyakar Lambu

A Madalla na sayi na'urar, wajen wani mai kayan gwanjo da ke shimfiɗa a bakin titi, tana kwance tsakanin tsofaffin duwatsun guga da kekunan yara. Shi kansa mai kayan bai san mece ce ba, ya ce mini wai injin yankan ciyawa ne da bakinsa ya ɓace. Ni kuwa na gane ta, don na sha kallon Turawa a waya suna yawo da irinta a filaye, in ta ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ta yi ƙara, su durƙusa su tono tsofaffin kuɗi. Sanda ce doguwa mai faifai a ƙasa, da ɗan akwati a wajen mariƙi. Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce a Abuja, saboda haka wayoyin cikinta ba su tsorata ni ba. Asabar biyu na ɓata a kanta, a ta uku na kara ta a kan cokalin shayi ta yi kuka.

Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "To madalla, yanzu dai mun san inda cokalin yake."

Shekarata ta biyar ke nan a Suleja ina haya, amma garin ban san shi ba. Ina idar da Asuba zan bi motar Abuja, ba na dawowa sai an yi Magariba. Asabar ce kaɗai tawa. A gefen unguwar Bagama akwai wani fili da aka taɓa kewayewa da waya, aka zuba kujerun siminti aka ce wurin shaƙatawa ne. Lokacin da na san shi kujerun sun farfashe, lilon yara ya koma ƙarafa biyu a tsaye, masu shaƙatawar kuwa yawancinsu awaki ne. An ce mini da can 'yar kasuwar yamma ke ci a wurin, ni kuma na san duk inda aka yi kasuwa an zubar da kuɗi.

Watan farko ban samu komai ba sai murafun kwalba da ƙusoshi da gwangwanayen madara. Daga baya na tono kwabo goma irin wanda ake ba mu na makaranta, sai kuma wata rana na ci karo da anini mai huda a tsakiya, ya yi kore shar. Ba zan iya faɗin daɗin da na ji ba. Ba sayarwa nake yi ba, ba su ma da wata daraja a kasuwa. In na kai gida sai in goge su da lemon tsami da toka har su yi ƙyalli, in jera a cikin wani gwangwanin alawa. Dokoki biyu na koya wajen Turawan wayar nan, kuma ina alfahari da su: duk ramin da na haƙa sai na cike shi na mayar da ciyawarsa yadda ba mai ganewa, duk tarkacen da na tono kuma sai na zuba a leda na kai bola.

Bayan filin akwai wani lambu da ya gangara har bakin rafi, alayyafo da kuɓewa da yalo, da wani tsohon mangwaro a kusurwarsa. Mai lambun dattijo ne ɗan asalin garin, siriri, mai farin gemu da kaifin baki. Kowa Baba yake ce masa. Ranar da ya fara ganina ina jan sandata a ƙasa ya tambayi garinmu, da na ce Kano sai ya kwashe da dariya.

"Ai na sani. Kai Bakano, kun gama kwashe na sama, yanzu kuma na ƙasa kuka dawo wa?"

Na ce, "Baba, ai ku Zazzagawa ne kuka yi ta zubarwa, dole a samu mai tsincewa."

Daga ranar muka ƙulla. Duk abin da na tono sai na kai masa gindin mangwaro, ya tofa masa yawu ya murza da babban yatsa, ya ce wannan ɗari ne, wannan sisi, wannan taro, ya kuma ba ni labarin abin da yake saye a zamaninsa. Rabin labarin na san da gishiri a ciki, amma ina son ji.

Akwai abu ɗaya da ba a yi wa Baba gardama a kansa, shi ne iyaka. In 'yan'uwa suka yi saɓani wajen rabon gado, ko maƙwabta suka yi musu kan inda katanga za ta bi, sai mai unguwa ya ce a kira Baba. Na taɓa bin sa wani irin wannan zama. Ya tsaya ya dubi wurin, ya ƙirga taku daga wani kututture, ya kafa sandarsa ya ce a tona nan. Aka tona, sai ga tsohon dutsen niƙa da kakannin masu rigimar suka binne. Aka yi addu'a aka watse. Baba ba shi da mota, bai je Makka ba, gidansa na ƙasa ne. Abin da yake da shi a garin nan shi ne in ya ce a nan ne, to a nan ɗin ne. Yana ji da wannan, har da ɗan fankama, kuma ban ga laifinsa ba.

Wata Asabar da safe, bayan an kwana ana ruwa, na iso filin na tarar gindin mangwaro ba kowa. Mai shayin bakin hanya ya ce Baba ya tafi Lambata suna. Filin kuwa na riga na share shi gaba da baya, mako uku ban samu ko maɓalli ba. Wayar shingen ta baya ta daɗe da faɗuwa, amma guntayen turakunta suna nan, na san sarai inda filin gwamnati ya ƙare da inda lambun Baba ya fara. Ba zan ce ban sani ba. Na ce wa kaina minti biyar kawai, na tsallaka.

Taku huɗu gaba da mangwaron, ta ɓangaren da lambun ya yi iyaka da wani kango, na'urar ta yi wata irin ƙara mai kauri. Na durƙusa na fara haƙa. Ƙasar ta yi laushi, na yi ta tafiya har hannuna ya nutse zuwa gwiwar hannu, zurfin da ban taɓa kaiwa ba. Sai na tarar da gawayi a shimfiɗe, ƙarƙashinsa guntayen fasasshiyar tukunya a jere, ƙarƙashinsu kuma kwabo uku masu huda, an zura su a wayar jan ƙarfe an murɗe bakinta kamar kitso.

Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa wa ke yi wa ɓataccen kuɗi rufin gawayi. Ni abin da ya zo mini shi ne ko wani ne ya binne asirinsa, na yi bisimilla na yi dariya na jefa su aljihu. Sannan na bi dokokina. Na kwashe gawayin da guntayen tukunyar tas na zuba a leda, na cike ramin, na daddanna, na mayar da ciyawa. A hanyar gida na jefa ledar a bola.

Da matata ta gan su a hannuna ta juya su ta ce, "Waɗannan ba ɓatattu ba ne, ajiyayyu ne. Abin da ya faɗo daga aljihu ba ya ɗaure kansa da waya."

Na ce mata ta cika fassara. Na goge su da lemo da toka har suka fi duk na cikin gwangwanin kyau. Amma da Asabar ta zagayo ban kai wa Baba su ba. Shi ne karo na farko da na tono abu na ɓoye masa, ke nan zuciyata ta san abin da bakina yake musu.

Da rani ya shigo sai Alhajin da nake haya a gidansa ya sayi kangon nan, zai gina shaguna. Ba mugun mutum ba ne, takarda aka ba shi ya bi. Da magina suka ja igiya sai ta bi ta cikin lambun Baba, ta haɗa har da mangwaron. Baba ya ce ba a isa ba. Aka sa ranar Asabar da hantsi, mai unguwa ya zo da dattawa, Alhaji ya zo da takardarsa da yaran shagonsa, babban ɗan Baba ma, wanda direba ne a Abuja, ya ajiye aiki ya zo. Ni ina cikin filin da sandata, ina jin komai.

Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Ban fi shekara goma ba, a gabana aka yi. Babana da mai wannan kangon suka haƙa rami, suka zuba gawayi don ba ya ruɓewa, da fasasshiyar tukunya. A ƙasa suka sa kwabo uku, ɗaya na babana, ɗaya na maƙwabcinsa, ɗaya na wanda ya yi shaida. Babana maƙeri ne, shi ya ɗaure su da waya. Haka ake iyaka a da, ba da takarda ba."

Ina kallo ya jingina bayansa da mangwaron, ya yi taku huɗu, ya kafa sandarsa. Wallahi daidai inda na durƙusa ya kafa ta, ko tafin hannu bai kauce ba. Bayan shekara sittin da wani abu.

Wani lebura ya sa diga. Ya haƙa har gwiwa, ba komai sai ɗan baƙi-baƙi a jikin ƙasar, wanda yaran Alhaji suka ce ai ko'ina ana ƙona shara. Aka faɗaɗa ramin gabas, aka faɗaɗa yamma. Baba ya karɓi shebur da kansa yana tona gefe-gefe, hularsa ta faɗi bai kula ba. Can ya ɗago yana haki, ya waiwaya, idonsa ya faɗa kaina, sai fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Ku kira mini Bakanon nan. Sandarsa tana jin ƙarfe ko yana ina."

Haka na tsallaka guntayen turakun nan da na'urar karo na biyu, mutane suna buɗa mini hanya. Kwabban suna gida cikin gwangwanin alawa, tafiyar minti goma. Magana ɗaya ce ta rage in yi. Amma ga Alhaji tsaye, mutumin da nake kwana a gidansa. Ga dattawan gari, ni kuwa baƙo, wanda za a ce ya shiga gonar mutane ba izini ya tone musu iyaka. Na hango ana ce mini ɓarawo, ko matsafi, na hango labarin ya riga ni isa masallaci. Duk wannan lissafin na yi shi kafin in kunna na'urar, kuma na kunna ta.

Na bi ramin a hankali, na bi tulin ƙasar da aka fitar, na zagaya mangwaron. Na yi aikin da kyau, kamar mai nema da gaske. Sau ɗaya ta yi ƙara, Baba ya ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, aka tona, sai ga tsatsattsiyar ƙusa. Wasu suka yi dariya. Ɗaya daga yaran Alhaji ya ce, "Baba, mashin no dey lie fa, inji ba ya ƙarya."

Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, yaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu komai a nan."

Gaskiya na faɗa, kuma ban taɓa yin ƙarya mai muni kamarta ba. Mai unguwa ya yi magana mai taushi, ya ce shekaru suna da yawa, kowa yana mantuwa, a bi takarda a zauna lafiya. Ɗan Baba ya ɗauko hular ya kakkaɓe ya sa masa, ya kama hannunsa suka tafi. Kafin mako ya zagayo an sare mangwaron.

Ranar da abin ya faru na gaya wa matata komai. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce, "Tashi ka kai masa yanzu, tun ramin yana buɗe." Na ce sai gobe, hankali ya kwanta. Gobe ta zama mako, aka zuba harsashi, aka fara jera bulo. Kullum sai in ce ai yanzu ihu ne bayan hari, me zai gyara? Sai in ji sauƙi na kwana ɗaya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko a mota aka ambaci rigimar fili sai in ji kamar da ni ake.

Taku huɗu na ƙasa da bishiya ɗaya ba su ne suka karya Baba ba, sauran lambun yana nan. Abin da ya faru shi ne an daina kiran sa. Aka yi rabon gado a bayan masallaci, aka ɗauko safiyo mai awon fili daga sakatariya, ba wanda ya ce a kira Baba. Na ji ɗansa da kunnena yana ce wa mai shayi, "Sai haƙuri, tsoho ya fara rikicewa." A gida ma aka daina aiken sa da magana, in ya ce ga yadda abu ya faru sai jikoki su kalli juna.

Ya koma zama a kan ɗaya daga fasassun kujerun filin, cikin rana. Ya daina tsokanata. Wata Asabar na gaishe shi na zauna, sai ya ce, "Bakano, na fara jin tsoron kaina. Ina ganin hannun babana yana murɗa wayar nan kamar yadda nake ganin ka. To in wannan mafarki ne, wanne ne ba mafarki ba? Yanzu ko raka'a nake ƙirgawa sai in yi kokwanto."

Na ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Abin da na ce ke nan, na tashi na tafi. Ina jin kunyar wannan ranar fiye da ranar taron, don ran nan ba Alhaji, ba mai unguwa, ba kowa sai ni da shi.

Sai da damina ta sake zagayowa, aka rufa wa shagunan kwano har wani mai sayar da siminti ya kama ɗaya, sannan na iya. Matata ce ta ɗauko kwabban ta sa mini a aljihun riga. Na same shi a zauren gidansa bayan Azahar. Na durƙusa na ajiye su a kan tabarma, na faɗi yadda aka yi tun daga ranar sunan Lambata, kaina a ƙasa.

Ya ɗauka, ya kai kusa da ido, ya bi murɗin wayar da babban yatsa. Ya daɗe yana bi. Sannan ya yi wata 'yar dariya, hawaye yana bin gemunsa.

"Murɗin babana ne. Ashe ban ruɗe ba."

Na jira zagi, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Me ya hana ka faɗa ran nan?"

Na ce, "Tsoro, Baba."

Ya ce, "To." Sannan ya ƙara da cewa, "Ƙasar ta tafi, na bar wa Allah. Abu ɗaya nake so, ka zo ka faɗa a gaban mutane."

Bayan La'asar ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya tsayar da jama'a. Mai unguwa yana nan, Alhaji yana nan, ɗansa ma yana nan. Na faɗi komai, ban rage ba, har ledar da na jefa a bola. Na shirya wa duk abin da za a ce mini. Aka karɓi kwabban ana miƙa wa juna. Suna ta ƙyalli, don na goge su da lemo da toka ba sau ɗaya ba, ko ɗigon ƙasa babu a jikinsu. Wani ya ce ai irin waɗannan ana sayar da su a Abuja, wajen masu kayan tarihi da Turawa ke saye. Sai na ga fuskoki suna sassautowa, ana kallona da wani irin tausayi.

Mai unguwa ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Ka san darajar tsofaffi."

Na ce wallahi ba haka ba ne, ni na tone su da hannuna. Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, kada ka yi rantsuwa, mun fahimta." Alhaji ya yi murmushi ya ce na kyauta. Ɗan Baba ya ja ni gefe ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Oga, na gode. Tun da abin nan ya faru ban ga ya yi dariya ba sai yau. Nawa ka saye su in ba ka?"

Wataƙila a cikinsu akwai waɗanda suka yarda a zuci. Amma shaguna sun riga sun tsaya, an riga an yanke hukunci, kuma ya fi wa kowa sauƙi a ce baƙo ne mai kirki ya faranta wa tsoho rai. Da na faɗa ranar da ramin yake buɗe, da baƙin gawayin yana jikin ƙasar, da ba mai musu. Na tsaya sai da gaskiyar ta tashi daga aiki sannan na kawo ta.

Na'urar tana ƙarƙashin gado, na cire mata batir. Amma har yanzu ina zuwa filin duk Asabar, don Baba yana jirana. Kwabban suna aljihunsa kullum, ɗaure a bakin hankici. Da ya hango ni, in akwai ko mutum biyu a kusa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Bakano, zo ka faɗa musu." Sai in je in tsaya in faɗa: ni na shiga lambunsa ba izini, ni na tone iyakar, taku huɗu daga mangwaro, daidai inda ya kafa sanda. Yana gyaɗa kai yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna cewa, "Haka ne, Baba, haka ne," da irin muryar da ake lallashin mara lafiya.

Asabar da ta wuce na sake faɗa a teburin mai shayi. Da Baba ya tafi, mai shayin ya haɗa mini kofi mai kauri ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce mutanen kirki irina sun yi ƙaranci a wannan zamani. Na karɓa na sha.